Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ikilisiyar Northampton da Faston da Ta Sallama

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. A makon jiya na tsaya ne a inda na samu masauki a garin Amherst na jihar Massachusetts, na fara karatun horon malamai, kuma na ɗanɗana hunturun Amurka na farko. A wannan makon zan jingine labarin aji da jarrabawa, in ba ku tarihin wata ikilisiya da na riƙa yin sujada a cikinta a wancan zama, da na wani fasto da ya yi mata hidima shekara 23 kafin ta sallame shi. Ban ɗauki wannan a matsayin ratse ba, domin bayan na dawo gida an zaɓe ni cikin dattawan ikilisiyarmu, kuma da wuya mu zauna a kan maganar horo ko ta jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo a majami'a don tunawa da mutuwar Almasihu, ba tare da labarin nan ya faɗo mini a rai ba.

Ikilisiyar tana garin Northampton, a ƙetaren kogin Connecticut, inda motar safa kan ratsa ta Hadley ta haye gada ta sauke mutum a tsakiyar gari. Ginin da na tarar na jan dutse ne, an gama shi a 1878, kuma shi ne na biyar tun kafuwarta. A bakin ƙofa akwai wani dutsen taki mai siffar rabin da'ira wanda ya rage daga ginin 1737, a jikin bango daga ciki kuma akwai hoton tagulla na wani mutum mai doguwar fuska da hular gashi irin ta Turawan da. Wata dattijuwa, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta riƙe ni kamar ɗanta har nake kiranta Mama, ita ce ta tsayar da ni gaban hoton wata Lahadi bayan an tashi. Ta ce mini wannan shi ne Jonathan Edwards, babu faston da ya kai shi suna a tarihinsu, kuma kakanninsu ne suka kore shi. An kafa hoton ne a 1900, shekara 150 cif bayan sallamar.

Maganar ta ɗaure mini kai, domin ni ɗan mai bishara ne, kuma abin da na tashi na sani shi ne takarda ce ke zuwa daga majalisar gunduma ta kawo ma'aikaci, takarda kuma ke ɗauke shi. Jama'a na iya gunaguni, suna iya kai ƙara, amma yanke hukunci ba a hannunsu yake ba. Tsarin ikilisiyoyin Congregational, irin wanda ta Northampton ke bi, wanda 'yan Puritan, Kiristoci masu neman tsarkake Cocin Ingila, suka zo da shi daga Ingila a shekarun 1620 da 1630, ya sha bamban da haka. Babu bishop a kansu, babu wata majalisa ta sama da za ta tilasta musu. Kowace ikilisiya ita ke neman fastonta, ita ke kiransa, ita ke da ikon rabuwa da shi, sai dai ta gayyaci maƙwabtanta su ba da shawara. A Massachusetts ta wancan zamani kuwa daga harajin gari ake biyan fasto, al'adar da ba a soke ba sai 1833, don haka taron gari ma yana da baki a kan albashinsa da itacen da za a kai masa na hunturu. Da na fahimci wannan, sai na riƙa ware yammacin Asabar ina zama a ɗakin karatu na Forbes da ke garin, ina bin labarin daga tushe.

An kafa garin a 1654, ikilisiyar kuma a 1661, amma wanda ya ba ta kamanninta shi ne Solomon Stoddard, wanda ya zo a 1669 ya riƙe bagadinta kusan shekara 60. Iyayen farko, wato waɗanda suka kafa ikilisiyoyin yankin, sun ce ba wanda zai zama cikakken ɗan ikilisiya sai ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaidar yadda Allah ya sake haifarsa. Da 'ya'yansu suka girma da yawa ba su da irin wannan shaida, sai aka yi sassauci a 1662, aka fito da abin da aka riƙa kira rabin alkawari: wanda aka yi wa baftisma yana jariri, ko bai ba da shaida ba, zai iya kawo 'ya'yansa a yi musu baftisma, amma ba zai ci jibi ba. Stoddard ya wuce nan. Ya koyar da cewa duk wanda ya yarda da koyarwar Kirista, kuma ba a san shi da wani abin kunya a fili ba, ya zo teburin, domin jibin kansa na iya zama hanyar da Allah zai juyo da zuciyarsa. Mutanen Northampton sun girma a kan wannan koyarwa, kuma girman da suke ba tsohon ya kai har abokan hamayyarsa na yi masa laƙabi da Fafaroman kwarin Connecticut.

Edwards jikansa ne ta wajen uwa. An haife shi a 1703 a East Windsor, ɗan fasto, shi kaɗai namiji cikin 'ya'ya 11, ya shiga kwalejin Yale bai cika shekara 13 ba. A watan Fabrairun 1727 aka naɗa shi mataimakin kakansa, a shekarar kuma ya auri Sarah Pierpont, sannan da tsohon ya rasu a 1729 nauyin ɗaya daga cikin manyan ikilisiyoyin yankin ya dawo wuyansa yana ɗan shekara 25. Mutum ne na karatu ƙwarai, wanda wani almajirinsa ya shaida cewa yakan yi awa 13 a rana a ɗakin nazarinsa. Idan ya fita kilisa a kan doki wani tunani ya zo masa, sai ya maƙala 'yar takarda a rigarsa da allura don ya tuna, ya dawo gida a cire su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Amma ba ya zagaya gidajen jama'a sai an kira shi wajen marar lafiya ko wata masifa ta auku. Ya san ba shi da baiwar hira, ya kuma gaskata cewa ya fi amfanar mutane ta wa'azi da kuma karɓar masu damuwa a ɗakinsa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, domin a ganina rabin abin da ya faru daga baya a nan ya samo asali.

Shekarun farko sun yi albarka. Filayen noma sun fara ƙaranci a garin, samari ba sa samun gonar kansu da wuri, aure na jinkiri har kusan shekara 30, sai yawon dare da zaman mashaya suka yawaita. A 1734 mutuwar fuju'a ta ɗauki wani saurayi, ba da jimawa ba ta ɗauki wata matashiyar matar aure, abin ya girgiza tsararsu. Edwards ya shawo kansu suka mayar da daren Lahadi lokacin taruwa ƙungiya-ƙungiya don addu'a, ya kuma yi jerin wa'azi a kan samun kuɓuta ta wurin bangaskiya kaɗai. Zuwa ƙarshen shekarar wata budurwa da aka sani da son shagali ta zo ta ba da shaidar tuba, daga nan kuma abin ya game gari. A cikin wata shida, bisa lissafinsa, mutum fiye da 300 suka tuba a garin da iyalansa ba su wuce kimanin 200 ba, har masu cin jibi suka kai wajen 620. Tsofaffin rigingimu sun kwanta, mashaya ta koma fayau, gidan fasto ya cika da masu neman shawara, wannan farkawa ta ruhaniya kuma ta bi kogi ta shiga garuruwa da dama.

Ranar Lahadi, 1 ga Yuni 1735, wani attajirin garin mai suna Joseph Hawley, mijin 'yar'uwar mahaifiyar Edwards, wanda ya daɗe cikin baƙin ciki da rashin barci saboda tsoron makomar ransa, ya kashe kansa. Farkawar ta ja baya ƙwarai daga wannan lokaci. Ya bar 'ya'ya maza biyu, babban yana ɗan shekara 11, kuma za mu sake gamuwa da shi. Duk da haka labarin da Edwards ya rubuta na abin da ya faru, wanda aka buga a Landan a 1737, ya kai sunan Northampton Ingila da Sukotlan, aka riƙa kallon garin a matsayin abin koyi. Wannan suna ya zama kaya mai nauyi ga ɓangarorin biyu: faston yana auna mutanensa da hoton da ya nuna wa duniya, su kuwa sun koma gonakinsu da cinikinsu da tsoffin halayensu.

A watan Maris na 1737, ana cikin wa'azi, benen da ke cikin tsohuwar majami'a ya rufto da mutanen da ke kansa bisa mata da yara da ke zaune a ƙasa, amma cikin ikon Allah ko rai ɗaya bai salwanta ba. An riga an fara sabon gini, kuma da aka zo rabon wuraren zama sai halin garin ya fito fili. A da shekaru ake fara dubawa, tsoho ya zauna gaba ko da talaka ne. A wannan karon taron gari ya ce a fara duba dukiya, shekaru su biyo baya, manyan iyalai kuma suka samu kujeru masu shinge na kansu. A Lahadin da aka fara amfani da sabon tsarin, a ƙarshen shekarar, Edwards ya ɗauki ayar Yohanna 14 da ke maganar wuraren zama masu yawa a gidan Uba, ya gaya musu cewa kujerar gaba ko ta baya a nan ba za ta daɗe ba. Ya faɗi gaskiya, amma masu kujerun gaban su ne masu yanke albashinsa.

Akwai abin da ba zan tsallake ba, ko da yake ya fi komai yi mini ciwo a cikin wannan tarihi. A watan Yunin 1731 Edwards ya tafi Newport, tashar jiragen masu fataucin bayi a Rhode Island, ya sayi wata yarinya baƙar fata mai kimanin shekara 14, wadda aka sa wa suna Venus, a kan fam 80. Takardar cinikin tana nan har yau, domin daga baya ya yi amfani da bayanta wajen rubuta wa'azi. Ya ci gaba da mallakar bayi har mutuwarsa, kuma a 1741 ya rubuta hujjojin kare wani fasto da jama'arsa suka zarga kan mallakar bawa, ko da yake a cikin rubutun ya yi tir da ci gaba da kamo mutane daga Afirka. Gaskiya ne ya karɓi baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar a matsayin cikakkun 'yan ikilisiya, suna cin jibi tare da kowa. Gaskiya ne kuma ɗansa Jonathan ƙarami da almajirinsa Samuel Hopkins sun zama masu yaƙi da bauta. Amma awa 13 ɗin nan na nazari, wani ne ke ɗebo ruwa da hura wuta da wanki don su samu. Ranar da na karanta wannan, ni baƙar fata ɗaya tilo a ɗakin karatun, na rufe littafin na fita, kuma har yau ban sami uzurin da zan yi masa ba. Mutumin da ya iya hango kuskuren kakansa a kan teburin Ubangiji yana da idon da zai hango wannan.

Farkawa ta biyu ta zo a 1740, lokacin da matashin mai wa'azi George Whitefield na Ingila ya sauka a gidansa a watan Oktoba ya yi wa'azi a majami'ar, har aka ga Edwards yana kuka. A ranar 8 ga Yuli 1741 ne ya yi wa'azinsa da ya fi shahara, kan masu zunubi a hannun Allah mai fushi, a garin Enfield, inda kururuwar jama'a ta hana shi ƙarasawa. Da ya tuna yadda zafin 1735 ya huce, sai ya nemi ɗaure wannan da igiya. A watan Maris 1742 ya sa duk wanda ya haura shekara 14 ya tsaya ya ɗauki alkawari a gaban Allah: ba zamba a ciniki, ba cin dukiyar maƙwabci, ba gulma, ba riƙon gaba a harkokin gari, samari kuma su nisanci duk wasan da ke kai ga sha'awa. Alkawari ne mai kyau a takarda, sai dai ya ɗora wa mutane abin da ya san da yawansu ba za su iya ɗauka ba.

Shekara biyu bayan haka, a 1744, aka kai ga abin da nake gani shi ne ainihin karayar. Labari ya iso masa cewa wasu samari, yawancinsu 'yan shekara ashirin da wani abu kuma masu cin jibi, suna yawo da littattafan likitanci da na ungozoma masu bayanin jikin mace, suna kuma tare 'yan mata a hanya suna yi musu ba'a da maganar al'adarsu. Ba ƙaramin laifi ba ne, kuma wanda ya ce faston ya cika tsanani ne kawai bai tambayi 'yan matan ba. Ikilisiya ta yarda a kafa kwamitin bincike. Amma bayan sujada Edwards ya tsaya a bagadi ya karanta jerin sunayen waɗanda ake so su bayyana a gidansa, bai bambanta wanda ake tuhuma da wanda aka kira shaida ba. Kafin mutane su isa gidajensu gari ya ɗauka, domin sunayen sun taɓa manyan gidaje, kuma kowace uwa ta ji an ambaci ɗanta ko 'yarta cikin maganar batsa a gaban jama'a. Ranar zaman kwamitin samarin suka yi ta wasan tsallake a harabar gidan, wasu suka tafi mashaya, ɗayansu kuma ya ce shi ba zai yi wa hular gashi sujada ba, yana nufin manyan da ke zaune a ciki. A ƙarshe 'yan kaɗan ne suka amsa laifi, amma kwarjinin faston a idon matasa, waɗanda su ne ƙarfinsa shekara goma da suka wuce, ya zube.

A nan ne nakan tuna mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wanda iliminsa bai wuce na makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ba. Idan aka kawo masa ƙarar wani yaro, ba ya cewa komai da rana. Sai bayan an ci tuwon dare ya ɗauki fitilarsa ta ƙwai da sandarsa, wani lokaci ya ce in riƙe masa fitilar, mu tafi gidan. Zai zauna a zaure da uban yaron, a gaisa, a tambayi gona da dabbobi, a sha ruwa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, wata 'yar magana ce ta kawo ni, kuma na fi so ka ji ta daga bakina." Kafin magana ta kai gaban dattawa, iyaye sun riga sun zama abokan gyara, in kuma har ta kai ga sanarwar horo a majami'a, babu wanda za ta zo wa ba zato. Ya iya yin haka ne domin ya riga ya zauna a wannan zaure sau da yawa ba tare da wata ƙara ba, ranar suna da ranar girbi da ranar da ba komai. Edwards ya fi mahaifina ilimi nesa ba kusa ba, amma ba shi da zauren da zai shiga a Northampton. Matakan da Matiyu 18 ya shimfiɗa, a fara da mutum shi kaɗai, sannan da shaidu biyu ko uku, sannan ikilisiya, ya san su sarai. Abin da ya rasa shi ne sabo da mutanen da zai bi matakan a kansu.

Daga nan komai ya riƙa tsami. Kuɗin takarda na Massachusetts na ta faɗuwa, iyalinsa na ƙaruwa har 'ya'ya 11, ya yi ta neman a daidaita albashinsa, mutanen gari kuma na ƙorafin tufafin matarsa da kayan gidansa. A watan Oktoba 1747 David Brainerd, matashin mai bishara ga 'yan asalin ƙasar, ya rasu da tarin fuka a gidansa, 'yarsa Jerusha da ta yi jinyarsa ta bi shi bayan wata huɗu tana da shekara 17. A watan Yunin 1748 kawunsa Kanar John Stoddard, alƙali kuma mutum mafi ƙarfin faɗa a ji a yankin, wanda ya kasance garkuwarsa tun farko, shi ma ya rasu. A wannan tsakani kuma aka yi shari'ar ƙaramin ɗan attajirin nan da ya kashe kansa, wato ƙanen Joseph Hawley mai sunan ubansa, bayan ƙanen ya yi wa wata yarinya ciki, Edwards ya dage sai ya aure ta, wan kuma, wanda ya zama lauya, ya tsaya wa ƙanensa.

A cikin wannan hali ne ya buɗe maganar jibi. Ya daɗe yana shakkar koyarwar kakansa, har ya kai ga tabbacin cewa teburin na waɗanda za su iya furtawa da gaskiya ne cewa sun ba da zuciyarsu ga Allah. Ba ya neman dogon labarin tuba irin na iyayen farko, 'yan jimloli kawai yake so mutum ya faɗa da zuciya ɗaya. Shekara huɗu ba wanda ya nemi shiga ikilisiyar, sai a watan Disamba 1748 wani saurayi ya zo, Edwards ya gaya masa sabon sharaɗin, saurayin ya janye. Abin da ya fi tayar da hankalin jama'a shi ne sharaɗin ya shafi baftismar jarirai, wato iyayen da ba su yi furcin ba ba za a yi wa 'ya'yansu baftisma ba, a garin da rashin baftisma ke zama tabo ga gida. Suka ce ya ci amanar kakansa, ya ɓoye ra'ayinsa har sai da kawunsa ya mutu kuma aka daidaita masa albashi. Ya nemi izinin bayyana hujjojinsa daga bagadi ranar Lahadi, aka hana shi. Ya rubuta littafi a 1749, kaɗan ne a garin suka karanta. Da ya shirya laccoci a ranakun mako, baƙi daga wasu garuruwa ne suka fi cika wurin.

A watan Yunin 1750 aka kira majalisar fastoci da wakilai daga ikilisiyoyin maƙwabta, bayan an shafe watanni ana jayayya kan waɗanda za a gayyata. Wanda ya jagoranci masu ƙara shi ne Joseph Hawley, yaron nan da mahaifinsa ya mutu a ƙarshen farkawar farko. Majalisar ta nemi jin ra'ayin ikilisiya, kuma cikin maza kimanin 230 masu ƙuri'a, 23 kacal suka goyi bayan faston. Mata, waɗanda su ne suka fi yawa a teburin, ba su da ƙuri'a, don haka ba a ƙidaya nasu ba. Ranar 22 ga Yuni majalisar ta amince da rabuwar da rinjayen ƙuri'a ɗaya. Yana da shekara 46, da 'ya'ya goma a raye, ƙaraminsu jariri, ba shi kuma da wata sana'a sai karatu da wa'azi.

A kan ainihin maganar jibi, ni ina tare da shi, kuma ikilisiyar da na tashi a ciki ma haka take yi: ba a kai mutum teburin sai ya bi ajin baftisma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Ina kuma girmama shi da ya san abincin iyalinsa zai tafi amma bai sa hannu a abin da lamirinsa ya ƙi ba. Sai dai ban yarda cewa mutum 200 ɗin nan duk maƙiyan gaskiya ne ba. Mutane ne da aka kunyata 'ya'yansu a fili, aka ɗora musu alkawarin da ya fi ƙarfinsu, sannan wanda bai taɓa zama a gidajensu ba ya zo ya ce zai auna zukatansu kafin ya taɓa jariransu da ruwa. Tsarin da ya ba su ikon sallamarsa bai ba su wata hanya ta tsakiya ba, babu wani babba a sama da zai kira ɓangarorin biyu ya ce a dakata shekara guda, ko ya yi wa faston canjin wurin aiki cikin mutunci. Tun daga lokacin na daina ganin takardar gunduma da ke ɗauke mahaifina a matsayin zalunci tsantsa, ko da yake na ga inda aka yi zalunci da ita.

Ranar 1 ga Yuli 1750 ya yi wa'azin ban kwana daga 2 Korintiyawa 1:14, ya gaya musu cewa shi da su za su sake tsayawa tare a ranar shari'a, inda za a buɗe abin da ya gudana tsakaninsu, ya kuma gargaɗe su kan son husuma. Saboda ba su sami wanda zai maye gurbinsa ba, sai suka riƙa ɗaukarsa mako-mako yana yi musu wa'azi na tsawon watanni, har taron gari ya hana. A 1751 ya koma Stockbridge, wani ƙauye a bakin iyaka, yana hidima ga 'yan ƙabilar Mohikan da Mohok da 'yan Turawa kaɗan, a can ne kuma ya rubuta manyan littattafansa na tauhidi. A farkon 1758 ya karɓi shugabancin kwalejin da ta zama jami'ar Princeton, aka yi masa rigakafin agana, cutar ta kama shi, ya rasu ranar 22 ga Maris. Northampton kuwa ta zauna fiye da shekara uku babu fasto, sai a ƙarshen 1753 ta samu John Hooker. A 1760 Joseph Hawley, wanda ya riga ya nemi gafarar Edwards tun yana raye, ya buga doguwar wasiƙa a wata jaridar Boston yana amsa laifinsa a fili kan rawar da ya taka. A 1833 wasu suka fita daga tsohuwar ikilisiyar suka kafa sabuwa a kan titi ɗaya, suka sa mata sunan Edwards, tana nan har yanzu.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan karatuna, in ba da labarin makarantar firamaren da aka tura ni koyon aiki da kuma wasiƙar da ta iso mini daga gida a tsakiyar zangon.